Ɗakin Bayan Tasha

Alhamis, 4 ga Yuni

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Na gaji da wayar nan taku. Shekara talatin da huɗu ina tuƙa jirgin ƙasa, injin ya cinye mini kunnen hagu gaba ɗaya, na daman ma ya ci rabi. In kin kira, motsin muryarki kawai nake ji, sai in yi ta cewa "haka ne, haka ne", ban san abin da nake amincewa da shi ba. Ran nan 'yata ta ce ashe tambayata kike ko ina shan maganin hawan jini, ni kuma na ce miki a gaishe su. To tunda gidan waya ya buɗe, mu koma yadda muka saba tun kina makarantar koyon jinya.

An sassauta mana dokar kullen annobar nan ranar Litinin. Kasuwa ta ci, motocin haya sun fito, har aski na samu na yi bayan wata huɗu ina kama da wanda ya ɓata a daji. A rediyo sun ce an yarda a taru in dai ba a wuce mutum ashirin ba.

Kin san ɗakinmu na 'yan ritaya da ke bayan tsohuwar tasha, wanda a da ofishin awon kaya ne. Makullinsa yana hannuna tun da suka naɗa ni shugaba, don ni kaɗai ne ba na mantuwa. Jiya na je na leƙa ta taga. Komai na nan yadda muka bar shi ranar da aka ce kowa ya koma gida: bencinan nan uku, butar shayi, teburin dara da wasan da ba a ƙarasa ba. Agogon tasha da muka roƙa aka ba mu ya tsaya, ba mai ɗaure shi. Hoton da muka ɗauka ranar da aka kawo sabon kan jirgi yana nan a bango, dukkanmu da baƙin gashi, ni har da gashin baki. Na daɗe a tsaye a wurin, har mai gadin tasha ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Kin tuna Mai Tuta, wanda ya yi shekara ashirin a taragon ƙarshe na jirgina, shi ke ɗaga mini koriyar tuta kafin in tashi? Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa duk suna nesa. Shekaranjiya ya zo ya tsaya a ƙofar gidana. Auta, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce kwana tara ya yi bai buɗe baki ya yi magana da ɗan Adam ba, wata safiya ma ya kama kansa yana yi wa kujera ina kwana. Shi ya yi dariya, ni na kasa. Sannan ya ce, "Direba, yaushe za ka buɗe mana?"

Na ce masa Litinin ta sama, sha biyar ga wata.

Na san halinki, nas ba ta yin ritaya. Amma mu sha ɗaya ne kawai muka rage a cikin arba'in da muka fara zama a ɗakin, ko dokar ma ba mu kai ta ba. Kuma mutum mai shekara saba'in da biyar ba shi da wata huɗun da zai yi ta zubarwa.

Hanyar dawowa na bi ta kwatas ɗin ma'aikata. Gidan Baba an yi masa fenti shuɗi, amma bishiyar lemon da Inna ta dasa tana nan, ta fi rufin tsawo.

Ki gaida kowa. Ki rubuto da manyan baƙaƙe, idon ma ya fara bin sawun kunnen.

Yayanki.

*

Laraba, 10 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso jiya, na karanta ta sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu ban yi ba. Muna lafiya, maigida yana gaishe ka, jikoki sun ce a gaida kakansu mai jirgi. Rubutunka bai canja ba, har yanzu layukan gangarowa suke yi kamar birki ya ƙwace.

Yaya, kada ka buɗe. Ka ƙara ko da mako uku ne.

Bari in yi maka bayani yadda nake yi wa majinyata masu taurin kai. Masu kamuwa sun ragu ne domin kowa ya zauna a gidansa. Cutar ba ta je ko'ina ba, mutane ta rasa, yanzu kuwa an fito mata da su. Wanda ya ɗauka a kasuwa ranar Litinin ba zai sani ba sai bayan mako guda ko biyu, kafin nan ya gaisa da mutum ɗari. Lissafin da kake ji a rediyo yau, labarin mako biyun da suka wuce ne. Ita kuma dokar mutum ashirin ba da irinku aka auna ta ba. Ƙaraminku ya haura sittin da biyar, kai ga hawan jini, Akawun tasha ga ciwon sukari, sauran ma kowa da jakar maganinsa.

Na taɓa ganin irin wannan. Ka tuna shekarata ta biyu da fara aiki, lokacin amai da gudawa, da aka kafa mana rumfa bayan asibiti mai gado sittin? Da abin ya lafa muka naɗe gadajen, muka wanke ƙasa, babbar nas ta saya mana lemo muka sha muna taya juna murna. Kwana goma sha shida muka sake fito da gadajen nan, sittin ɗin kuma ba su isa ba. Dawowar ta fi zuwan farko cin mutane, saboda kowa ya riga ya saki jiki.

In ka ga ba yadda za ka yi, to ku zauna a baranda, kada ku shiga ciki. Kowa ya zo da kofinsa, takunkumi a kan hanci, ba a haɓa ba, kuma banda musafaha. Na kira 'yarka na gaya mata duk wannan don kada takarda ta makara. Ta ce ta isar maka, ka ce mata "haka ne".

Mai Tuta kuwa ta yaya zan manta shi? Shi ne ya zaunar da ni a kan buhun wasiƙu ranar da na yi latti tikiti ya ƙare, ya ce in mai duba tikiti ya zo in ce ni kaya ce. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Amma ai kana iya zuwa wurinsa kullum ku zauna a ƙofar gida, ba sai an tara mutum sha ɗaya ba.

Ka sa ni kewar gida da zancen bishiyar lemon nan. Inna takan tsaya a gindinta ta kasa kunne, da ta ji kukan jirginka daga nesa sai ta ce a ɗora tukunya, yaronta ya dawo. Ban taɓa gane yadda take bambanta kukan naka da na sauran direbobi ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce naka ya fi rashin haƙuri.

Ka yi haƙurin a wannan karon, don Allah.

Ƙanwarka.

*

Juma'a, 19 ga Yuni

Auta,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta zo ranar Laraba, mu kuwa tun Litinin muka buɗe. Ba zan yi miki ƙarya ba, saƙonki na baki ya iso ni kafin nan, kuma wannan karon na ji shi sarai.

Da kin ga ranar, da kin sassauta mini. Ƙarfe tara na isa na tarar da mutum bakwai suna jira, kowa ya sha wanka kamar za a ɗauki hoto. Ƙofar ta ƙi buɗuwa, sai da Makaniki, tsohon mai gyaran injinanmu, ya sa kafaɗa. Muka share, muka kakkaɓe bencina, aka ɗaure agogo. Da ya fara tafiya sai ɗakin ya yi tsit, kowa yana saurare, har ni da ba na jin sa. Mai Tuta ya zauna a mazauninsa na jikin taga, ya dubi teburin dara, ya ce wasansa ne aka katse kuma shi ke da ci. Akawu ya ce ƙarya yake, wata huɗu ya yi yana tuna yadda 'ya'yan suke. Suka yi ta yi kamar yara. Rabon da in ga haƙoran Mai Tuta tun kafin rasuwar matarsa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi zuwa ranar farko, Mai Tikiti. Kin san shi da tsantseni, mutumin da ya yi shekara talatin a tagar sayar da tikiti ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ya aiko cewa matarsa tana da asma, zai ɗan dakata. Da yamma na je gidansa da kaina. Na ce masa shi kaɗai ne yake iya cinye Mai Tuta a dara, in bai zo ba mutumin nan zai fi ƙarfinmu da baki. Ya yi ta jan ƙafa, sai matar ce ma ta leƙo ta ce ya je, ya ishe ta da zagaye tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba. Talata sai ga shi, ya kuma cinye Mai Tuta sau uku a jere.

Dokokinki mun gwada su. Kofi dai kowa ya zo da nasa. Takunkumi kuwa, ki gaya mini yadda ake shan shayi da shi, ko yadda kurma irina zai gane magana in bai ga leɓe ba. Ranar Laraba, da na karanta takardarki, na sa aka fitar da bencina baranda. Ba mu yi awa guda ba ruwa ya sauko da iska, muka kwashe muka koma ciki, aka rufe tagogi don feshi. Muka zauna har la'asar ana tuna shekarar da ambaliya ta cinye gada muka kwana uku a daji da fasinja ɗari huɗu, wata mata ta haihu a tarago na biyar. Kowa da yadda ya tuna abin. Akawu ya dage cewa namiji aka haifa, alhali shi yana ofis a lokacin.

Yana ɗan tari, Akawun, amma ya ce ƙurar sharar ce ta shige masa maƙogwaro. Na faɗa miki ne don kada ki ce na ɓoye.

Ki kwantar da hankalinki. In rana ta fito za mu koma baranda.

Yayanki.

*

Talata, 30 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. A gurguje nake rubutu. Abin ya dawo a nan. Asibitinmu ya kira mu tsofaffin ma'aikata mu taimaka, an ba ni teburin karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa, ina aiki daga safe zuwa azahar. Makon jiya mutum shida muke gani a rana, jiya talatin da ɗaya.

Tarin Akawu ya hana ni sukuni. Ka rufe ɗakin yau, ba gobe ba. Duk wanda ya zauna a ciki ranar ruwan nan ya je a gwada shi, ya kuma nisanci mutanen gidansa kafin sakamako ya fito. Kai ma haka. Na kira 'yarka sau biyu ba ta ɗauka ba.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarka.

*

Litinin, 6 ga Yuli

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Allah ya ba da lada.

Goggo, ki yafe mini yadda na yi miki a waya jiya. Kuka ya hana ni yin bayani, shi ya sa na zauna na rubuta komai a tsanake.

Baba yana cibiyar killace masu cutar tun ranar Laraba. Zazzaɓi ya fara masa ranar ashirin da shida ga wata, ya ce gajiya ce, ya hana ni faɗa miki. Amma tun ranar ya rufe ɗakin da kansa, ya kuma hana ni shiga gidansa, sai dai in ajiye abinci a bakin ƙofa. Ranar Laraba na ƙwanƙwasa bai amsa ba, na leƙa ta taga na gan shi zaune a ƙasa ya jingina da gado yana neman numfashi. Maigidana ne ya kira motar asibiti.

An sa masa iskar oksijin. Likita ya ce jiya ya fi shekaranjiya, amma ba za su ce komai ba sai an ƙara kwana biyar. Ba a barin kowa ya shiga. Wata nas mai kirki takan kai masa takarda ta karɓo amsa, don ta ce in ta yi magana ta cikin takunkumi ba ya gane komai. Don haka in kin rubuto za ta kai masa.

A cikin su sha ɗaya, shida ne suka kamu. Baba Akawu ya rasu ranar Alhamis. Mutum biyar kawai aka bari suka raka shi. Ban faɗa wa Baba ba, amma jiya ya rubuto a takarda yana tambayar wa da wa suka rage, nas ɗin ta ce in daina ɓoye masa, ya riga ya gane. Baba Makaniki yana gado na uku daga nasa, jikinsa ya yi tsanani. Baba Mai Tikiti ya kamu amma da sauƙi, sai dai matarsa ma an kwantar da ita ranar Asabar.

Baba Mai Tuta an gwada shi ba shi da ita. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a bakin shingen cibiyar har rana ta take. Masu gadi sun kore shi sun gaji. Na ce masa ya koma gida ya huta, ya ce shi ne ya roƙa a buɗe, ina zai je.

An sake rufe kasuwa da makarantu tun jiya. Mu da yara an gwada mu, lafiyarmu ƙalau.

Takardarki ta ƙarshe ta iso bayan an tafi da shi, tana wurina. Ki sa mu a addu'a, Goggo.

'Yarki.

*

Alhamis, 9 ga Yuli

Yaya,

Sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Allah ya jiƙan Akawu, ya yi masa rahama.

Na yi manyan baƙaƙe yadda kake so. Ka karanta a hankali, in ka gaji ka ajiye. Ka kwanta rub da ciki in sun ce ka yi, ka ci abin da aka kawo ko ba daɗi.

Na san abin da kake yi a kan gadon nan, kana ƙirga mutane kana ɗora wa kanka. Ba zan ce maka ba ka yi kuskure ba, ka san ba na iya irin wannan ƙaryar. Amma akwai abin da na bar shi a cikina shekara arba'in da ɗaya, yau zan ba ka shi.

Labarin rumfar amai da gudawa da na ba ka, rabi na faɗa. Ni ce mai rubuta sababbin majinyata a lokacin. Ƙa'idar ita ce in aka yi kwana bakwai ba wanda ya zo da cutar, sai a rufe rumfa a sake mu hutu. A rana ta shida, da yamma, wani magini ya zo, ya ce cikinsa ya ɓaci tun safe. Na dube shi, Yaya, na ga idonsa ya faɗa, na ja fatar hannunsa ta tsaya. Na san abin da nake gani. Amma ɗaurin aurenka saura kwana huɗu, Inna ta aiko sau biyu, ɗinkina yana cikin akwati. In na rubuta shi, kwana bakwai za su koma farko. Sai na rubuta ɓacin ciki, na ba shi gishirin haɗawa da ruwa, na ce ya dawo in ya ƙaru. Ya yi mini godiya ya tafi.

Na zo bikinka, ni ce na riƙe wa amaryarka mayafi, ka ga hoton. Da na koma aiki aka fara kawo mutane, kuma na farkon duk daga unguwar maginin suke. Ƙila da na rubuta shi ma abin zai dawo, likitoci sun ce rijiyoyin unguwar sun riga sun gurɓace. Na yi shekaru ina gaya wa kaina haka. Wani lokaci yakan yi mini amfani, wani lokaci ba ya yi. Ban faɗa wa Inna ba, ban faɗa wa maigidana ba.

Da na rubuto maka kada ka buɗe, ba don na fi ka hankali ba ne. Na san yadda mutum yake ji in ya gaji da jira, ga kuma wani nasa yana kiransa. Kai ma ai abokinka ka duba, ni kuwa biki na duba.

Abin da na koya shi ne nauyin ba ya sauka, amma ana iya tafiya da shi a yi aiki. Ban sake rubuta abin da ban gani ba har na yi ritaya. Don haka ka warke tukuna. Waɗanda suka rage za su buƙaci mai zuwa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma kai ne ba ka mantuwa.

Ka ja numfashi a hankali, Yaya. Ina nan ina jiran rubutunka mai gangara.

Autarku.

*

Lahadi, 2 ga Agusta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ga ni a gida tun ranar ashirin da ɗaya. Da farko daga gado zuwa ƙofa sai na huta sau ɗaya, wandona kuma sai da aka ƙara wa bel huda biyu. Amma ina ci, ina barci, alhamdu lillahi.

Takardarki ta same ni a ranar da ba na son in farka. Na karanta ta har ta yi laushi. Na tuna a bikin nan kin ƙi cin komai, Inna ta yi ta faɗa wai kin koyo yanga a birni. Ni ma haka na ɗauka. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Maganar ta tsaya a wurina.

Mutum uku muka rasa. Akawu, sai Makaniki kwana biyu bayan takardarki, ina kallo aka ja masa labule. Ta ukun matar Mai Tikiti ce. Ita ce take hana ni sakat, Auta. Matar nan ba ta taɓa taka ɗakinmu ba ko sau ɗaya. Ni na je har gidanta na fitar mata da miji, don wasan dara.

Ranar da na iya tafiya da sanda na je yi masa ta'aziyya. Na yi sallama a ƙofar gida sau uku. Na ga labule ya motsa, amma bai fito ba. Washegari na koma, sai maƙwabciyarsa ta ce yana ciki, ba ya son ganin kowa daga tasha. Ban ga laifinsa ba. Na tsaya na yi addu'ata a waje na tafi.

Mai Tuta kuwa ya fi ni lalacewa, shi da bai yi ciwon ba. Ya zo ya durƙusa a ƙofar gidana wai in yafe masa. Na ce ya tashi, tsofaffi biyu suna kuka a titi abin kunya ne. Na ce masa shi tuta kawai ya ɗaga, ni ne mai birki a hannu.

Yanzu ga abin da muke yi. Likita ya ce in riƙa tafiya kullum don huhu ya buɗe. To da hantsi sai mu fita ni da Mai Tuta, shi a wancan gefen titi ni a wannan, mu bi gidajen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Mukan tsaya daga waje, mai gida ya leƙo ta taga ko ya tsaya a ƙofa, a gaisa, a yi ƙorafin gwiwa da na 'ya'yan zamani, mu wuce. Sai sun ɗaga murya saboda ni, don haka duk unguwa ta san wanda basir ya dame shi. Muna biyawa ta gidan Akawu da na Makaniki mu gaida iyalansu. Gidan Mai Tikiti ne na ƙarshe. Kullum ina sallama, kullum shiru. Yau kwana takwas ke nan.

Jiya na bi ta tasha ban leƙa tagar ba. Na kasa.

Na ji an ce masu kamuwa sun fara raguwa kuma. Ke da kike bakin ƙofar asibiti, ki gaya mini gaskiyar abin da kike gani. Kuma ki kula da kanki, ke ma ba yarinya ba ce, ko da yake a wurina har gobe ke ce mai kuka in an tafi tasha ba da ke ba.

Yayanki.

*

Alhamis, 20 ga Agusta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso ta bakin 'yata, na ji kuma an sallame ku daga teburin ƙofa. Madalla.

An sake sassautawa a nan ranar Litinin. Mutum biyu sun tambaye ni zancen ɗaki, na ce ba yanzu ba, ba wanda ya yi musu.

Yau da muka isa gidan Mai Tikiti na tarar da kujeru biyu a ƙofar gida, tsakaninsu kamar taku huɗu, yana zaune a kan ɗaya. Mai Tuta ya ce shi zai yi gaba. Na yi sallama, Mai Tikiti ya amsa. Na fara yi masa ta'aziyya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Zauna, Direba, ƙafarka rawa take yi."

Na zauna. Mun fi rabin awa muna kallon masu wucewa. Ban san ko ya yafe ba, ban kuma tambaya ba. Da na miƙe zan tafi ya yi magana ban ji ba, sai ya sauke takunkuminsa daga inda yake, ya maimaita a hankali don in ga bakinsa. Cewa ya yi gobe in zo da malafa, rana tana dukan wurin.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki.